Mai Riƙe Linzami

Kakata Iya Dije ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, amma babu wanda ya kai ta sanin fim ɗin kaboyi a unguwarmu. Gidan aurenta katanga ɗaya ce ta raba shi da wata silima marar rufi. Shekara da shekaru tana jin sukuwar dawakai da ƙarar bindiga, ba ta ga fuskar kowa ba, Turancin ma ba ji take ba. Da kunne ta haɗa labaranta. Bayan magariba mukan kewaye murhu tana suyar gyaɗa, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso. Mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

A wajenmu mugun cikin fim shi ake kira bos, kuma Iya ta ce ba da tsawa ake gane shi ba. "Masu ihun nan yaransa ne. Shi a hankali yake magana, kamar mai lallashin jariri."

Akwai labarin wani maƙeri a garin kaboyi. Baƙo ya sauko daga doki, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Riƙe min linzami, yanzu zan fito." Ya shige gidan ajiyar zinariya. A nan Iya takan daina juya gyaɗa. "Kiɗa ya tsaya," in ji ta, mu kuma ko numfashin kirki ba ma yi, muna jin ƙauri yana tashi. Bindiga ta tashi sau uku, bos ya fice ta baya, 'yan doka suka tarar da maƙeri da linzami a hannu. Kullum sai mun roƙe ta ta saki maƙerin, ba ta taɓa yarda ba. Na tsani labarin nan.

A 2019 ina ƙasar Larabawa, ina aiki a wani ofishin kago, na masu aika kaya ta jirgi, a unguwar Port Saeed, inda kowa bos ne, direban tasi ma haka zai kira ka. Wani Alhaji da na shekara biyu ina yi wa lodi ya shigo da katan biyu a naɗe da tef.

"Sani ɗana, bizata tana wajen sabuntawa. Sa sunanka a kan waɗannan, turare ne kawai. Yalla, yi sauri, kafin a rufe kwantena."

"Bari in buɗe tukuna, Alhaji."

"Haba habibi, ni za ka buɗe wa kaya?"

Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. In akwai abin da doka ta hana a ciki, mai suna a takarda za a kama. In na ƙi, zai kwashe cinikinsa, manaja ya iya korata, bizata kuwa a jikin aikin take. Na riga na ɗauki biro, sai na ji ofishin ya yi tsit, kamar kiɗa ya tsaya.

Na ajiye biro. "Ka yi haƙuri, Alhaji. Sai na gani."

Ya yi murmushi, ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya kwashi kayansa. Bai sake dawowa ba. Manaja ya ba ni takardar gargaɗi, na yi watanni cikin fargabar kora. Har yau ban san abin da ke cikin katan ɗin ba, mai yiwuwa turaren ne.

Lokacin kullen korona, a ɗakinmu na unguwar Al Nahda, na bi tsofaffin finafinan kaboyi marasa kala a waya ina neman maƙerin nan, ban same shi ba. Na kira mahaifiyata na tambaye ta ko ta san wane fim ne Iya ta ji.

"Ba fim ba ne, Sani. Kakanka ne. A tasha wani ya ba shi ajiyar buhu, ya ce yanzu zai dawo, aka kama shi da buhun a hannu. Shekara huɗu Iya tana zaune a jikin katangar nan tana jiran a sake shi."

Sai a ranar na gane abin da ya sa take barin gyaɗar ta ƙone.