Jan Kimonon Gidanmu a Jikin Rinka

Mahaifiyata Fumie mai gyaran gashi ce a garin Takaoka na ƙasar Japan, amma an fi saninta da ɗaura wa 'yan mata kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya. Duk watan Janairu, ranar bikin waɗanda suka cika shekara ashirin, shagonta cika yake maƙil tun da safe. Ni kuwa na tashi ina miƙa mata tawul da igiyoyi, ina kallon ƙeyarta.

Da ta manyanta sai ta ɗauko wa kanta wani aiki. Yaran da suka tashi a hannun masu riƙo, da sun kai sha takwas ake sallamar su da jaka ɗaya. Mama ce ke tsaya musu wajen mai gidan haya, ita ke koya musu dafa miya da ware shara. Gari ya ɗauka da yabo. Ni da na koyi miya a wajen maƙwabciya, sai in yi murmushin yaƙe.

A cikinsu Rinka ce ta tsaya mini a wuya. Doguwa ce, marar magana, tana aiki a gidan burodi. Mama take ce wa mahaifiyata, kai ka ce tare muka sha nono.

Muna da jan kimono mai dogon hannu da zanen gauraki. Mama ta sa shi tana ashirin, na sa shi, bana kuma 'yata Kaho ce a layi. Sai ga shi Rinka ma bana take cika ashirin, kuma bikin rana ɗaya ne.

Na shiga shago na tarar Mama ta warware ɗinkin hannun tana ƙara masa tsawo.

Na ce, "Mama, Kaho ba ta kai haka tsawo ba."

"Na sani. Na Rinka ne."

"Kayan gidanmu? Jikarki fa?"

"Jikata tana da uwa mai baki kamar reza, ba za ta fita tsirara ba. Miƙo mini almakashi."

Na koma gida a fusace, ina sa ran Kaho ta taya ni kuka. Ina! Ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba. Ta ce, "Haba Mama, ni dama kore nake so, na haya. Wancan warin akwati yake." Nan na rasa wanda zan yi faɗan dominsa, kishin kuma bai ragu ko kaɗan ba.

Ranar bikin na kai Kaho shagon haya, na dawo taya Mama, don yatsunta sun fara ƙagewa. Ni na riƙe igiya, ita ta ja ɗamara. A hankali take yi, tana tambayar Rinka ko ya matse ta, tana gyara mata wuya, tana sake gyarawa. Ranar nawa bikin, layi ya yi yawa, ma'aikaciyarta ce ta ɗaura mini a gurguje a bayan labule.

Rinka ta dubi madubi, ta daɗe, sannan ta juyo gare ni. "Yaya, na gode da aron. Ba zan bari ko ɗigon ruwa ya taɓa shi ba."

Na ce, "Ya yi miki kyau." Abin haushin, gaskiya na faɗa.

Rinka ta ce ba ta taɓa yin hoto da wani babba a gefenta ba. Mama ta cire rigar aiki, ta shafa gashinta, ta je ta tsaya ta riƙe mata hannu. Ni ma ba ni da hoto da Mama a cikin wannan kimono, ko guda.

Mama ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ke, ɗauke mu. Ki tabbata hannun rigar ya fito."