Shekara Tara Babu Mai Ara wa Jakin Nan Baki

Da yankan riɗin bana Isyaku Baduku ya cika shekara tara a ƙasa. Ni ba mai riƙe kwanan wata ba ne. Boko ma da girma na tsince shi, a jikin takardun da nake naɗe agashe, wato tsirenmu na Sudan, don haka in kun ga rubutuna yana ɗingishi ku yi masa uzuri. Amma riɗi ba ya mantuwa. Duk shekara in ganyensa ya yi ɗorawa, manyan motoci suka cika da 'yan ƙwadago suna nufar gonakin Fashaga, sai in waiwaya gefen rumfata a kasuwar Gadarif, inda ya zauna shekara da shekaru yana gyaran takalma. Yanzu mai sayar da cajar waya ne a wurin. Mutumin kirki ne, sai dai bai iya zagina ba.

Isyaku kuwa ya iya. Kakansa Bazazzagi ne, nawa Bakano, dukansu sun taso a ƙafa za su Makka, Sudan ta riƙe su. Ni da shi babu wanda ya taɓa ganin Kano ko Zariya, amma wasan da ke tsakanin garuruwan nan biyu mun gaje shi cif, kamar gona. Da safe gaisuwarsa ita ce, "Bawana Sale, yau ma jaki ka yanka wa mutane?" Ni kuma in ce da gatse, "A'a, ubangidana, ai ba na yanka danginka." Daga nan sai shayi.

Maganar jaki ba a banza take shiga bakinmu ba. A bayan layinmu akwai nadi, wato ɗakin kallo, na wani Alhaji Tijjani: rumfar kwano, benci-benci, da talabijin guda a cikin kejin ƙarfe. Kullum bayan la'asar ana nuna wani ɗan kartun gajere, na jaki mai dogon kunne da wani mutum mai tumbi da hular malafa. Wata damina ruwa ya yi yoyo ta kwano ya kashe muryar talabijin ɗin. Hoto na motsi, baki na buɗewa, ba a jin komai. Alhaji Tijjani, Allah ya ba shi lafiya, mutum ne da hannunsa ba ya saurin zuwa aljihu, sai ya ce ido ke kallo, ba kunne ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata rana jakin ya buɗe baki, sai muka ji wata murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa: "Maigida, wallahi bayana ba lori ba ne." Isyaku ne, daga bencin gaba, fuskarsa a murtuke kamar mai karanta wasiyya. Aka fashe da dariya. Mai tumbi ya buɗe nasa bakin, Isyaku ya ba shi amsa da Larabcin wakilan gona. Tun daga ranar bencin ya zama nasa, jakin ya zama Bahaushe.

Abin da mutane ba su lura da shi da wuri ba shi ne inda yake samo maganar. Duk ɗan ƙwadagon da takalminsa ya tsinke, daga Fau ne ko Shuwak ko Fashaga, wurin Isyaku yake kawowa, kuma wanda ke zaune da ƙafa ɗaya babu takalmi ba ya da abin yi sai magana. Wakili ya tashe su tun asuba ya hana su hutun rana. Garin asida, wato tuwonsu, ya zo da tsutsa. Tankar ruwa ba ta zo ba har makogwaro ya bushe. Isyaku na huɗa fata da basilla, ba ya ko ɗaga kai. Bayan la'asar sai jaki ya faɗi duka. Yana da dokokinsa da bai taɓa karyawa ba: jakin ba ya ambaton sunan kowa, ba ya zagin iyaye, ba ya taɓa mutuncin mace. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as". Na sha ganin wakilai sun raɓe a bakin ƙofa, rawani ya rufe rabin fuska, suna jira su ji ko yau da su ake. Ranar da jakin ya dubi mai tumbi ya ce, "Maigida, ruwan nan da ka ce yana hanya, rarrafe yake yi?" wani wakili ya sulale ya fita, kuma 'yan gonarsa suka ce tun daga makon tanka ba ta ƙara latti ba. Babu wanda ya kai ƙara, babu wanda aka kora. Jaki ne ya yi magana, wa zai kama jaki?

Sai ga labari cewa masu kartun ɗin sun yi masa dogon fim na silima. Ɗan Alhaji, Mu'awiya, wanda ke karatu a Hartum, ya zo da shi a faifai, ya aro majigi da manyan lasifika biyu. Aka rufe tagogin nadi da buhunan riɗi don a sami duhu, aka rataye farin ƙyalle. Mutane suka yi ta murna: jakinmu ya girma, ya shiga silima. Har na rufe rumfata da wuri, abin da ban yi ba ko ranar da aka haifa mini ɗan fari.

Da muka shiga, bencin Isyaku babu. An ɗauke shi an ajiye lasifika a wurin. Mu'awiya bai yi da mugunta ba. Wurin ne ya dace da waya. Isyaku ya dubi lasifikar, ya dubi ƙasa, ya bi ni muka zauna can baya. Na ce masa, "Ubangidana, an naɗa wani a sarautarka." Bai rama ba. A nan na gane abin ya fi wasa, don mutumin da ba ya barin bashin baƙar magana ya kwana, yau ya bar ni na ci bashi.

Aka kashe fitila, kiɗa ya tashi, jaki ya fito ya cika bango, kunnensa kaɗai ya kai tsawon mutum. Aka yi tafi har da fito. Ya buɗe baki.

Jama'a, mace ce. Siririyar murya mai zaƙi, kuma da Larabcin masu karanta labarai a rediyo, irin wanda ko limaminmu sai ranar Juma'a yake fito da shi. Shekara da shekaru muna ce mata "shi", muna jin ta da muryar mai gemu. Bai tsaya nan ba. Mai tumbin da muka tsana, wanda muka ɗora wa laifin duk wakilan Gadarif, ashe amininta ne. Tana kiransa "ya masoyin zuciyata", yana ba ta karas a baki.

Ban taɓa ganin ɗaki ɗaya ya rabu biyu haka ba. 'Yan makaranta na gaba suna gane barkwancin, suna dariya tun daga ciki, kuma da gaskiyarsu, don an ce fim ɗin ya yi kyau. Mu na baya muka yi tsit kamar an aiko da rasuwa. Wani dattijo ɗan ƙwadago, Baba Maikano, ya miƙe ya ce, "An canza jakin!" Wani ya ce ba a canza shi ba, Hartum ya je ya yi karatu ya manta da talakawa. Wani ya ce saye shi aka yi, ba ku ga karas ba? Ni kuma, da yake hankalina bai fi na kowa ba, na ce wataƙila matarsa ce, shi yana nan tafe. Muka zauna muna jiran mijin har tsakiyar fim.

Da ya tabbata babu mai zuwa, sai aka fara buga benci: "A kashe murya! A ba Isyaku!" 'Yan gaba suka juyo suna cewa, "Ya jama'a, halas mana, ya isa haka, ku bar mu mu ji!" Mu'awiya ya tsaya ya kare lasifika da jikinsa. Saura kaɗan a ba hammata iska a kan jakin da aka zana da fenti.

Na ɗauka Isyaku zai tashi ya karɓi abinsa, don an miƙo masa a faranti. Ya tashi, amma abin da ya ce daban. "Ku zauna. Shekara nawa ina aron bakin baiwar Allah nan ina ci mata albasa, ba ta taɓa cewa uffan ba. Yau ranarta ce. Ku bar ta ta faɗi nata." Ya koma ya zauna, ya kalli fim ɗin har ƙarshe, yana karkata kunne don Larabcin ya yi masa tsauri. Da muka fito ya ce mini, a hankali, "Bawana, ashe ƙarya na yi ta yi mata."

Kafin Mu'awiya ya koma makaranta ya yi wa mahaifinsa abin arziki, ya sa aka gyara muryar talabijin. Kartun ya ci gaba bayan la'asar, da muryarsa ta gaskiya. Isyaku bai ƙara leƙawa ba. 'Yan ƙwadago suna kawo takalma, suna zuba masa kukansu kamar da, yana ji, amma maganar a rumfar take mutuwa. Ya rage cin abinci, ya rage zagina. Nadin ma ya koma na yara. Manya sun watse. Lokacin ne na fahimci ba jaki muke zuwa kallo ba. Kanmu muke zuwa ji, a bakin da ba za a kora daga aiki ba.

Wata safiya Alhaji Tijjani ya zo rumfata ya ce in ara masa wuƙa. Ya dawo da ita da ɗan giɓi a kaifinta, irin wanda nama ba ya yi wa ƙarfe. Sannan ya cire takalminsa, lafiyayye garau, ya miƙa wa Isyaku, ya zauna yana kallon sama. "Malam Isyaku, ka ji ikon Allah, muryar nan ta sake lalacewa." Isyaku ya juya takalmin, ya juya, ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, Alhaji. Ruwan sama ne kuma?" Alhaji ya ce, "Shi ne." Rabonmu da ruwa kuwa tun kafin a yanke dawa.

Isyaku ya koma bencinsa a ranar. Nadi ya cika har waje. Jaka ta buɗe baki, sai muka ji ƙaton mutum mai gemu ya matse murya siririya kamar ta amarya. Dariya ta kusa ɗage kwano. Amma shi ba wasa yake ba. Ya ce tunda ya san gaskiya ba zai ƙara manna mata gemu ba. Kuma da ta zama mace sai ya ga ba shi da abin sa mata a baki, don bai taɓa sauraron mata ba. Ya fara zama wurin masu sayar da shayi da masu toya kisra, gurasar nan ta dawa, a bakin tasha, yana jin abin da ke damunsu: hayaƙi, masu sha su tafi, masu korarsu daga inuwa. Jakar ta fi jakin kaifin harshe nesa ba kusa ba. Wakilai ba su huta ba, mu mazan gida kuma muka shiga layi. Ni kaina ta taɓa ni a kan dawowa gida da ƙanshin nama hannu wofi, kuma har yau ina zargin uwargidana da kai rahoto.

Haka ya yi ta yi har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ya rasu ana tsakar yankan riɗi, lokacin da ɗan ƙwadago ba ya barin gona ko da uwarsa ce ta kira, don in aka yi jinkiri kwanson ya fashe ƙwayar ta zube. Duk da haka sun zo jana'iza da ƙurar gona a ƙafafunsu, masu shayi kuma suka tsaya daga nesa da mayafansu.

Yau ina tambayar kaina me zai ce da ya ga Gadarif. Yaƙi ya koro mutane daga Hartum da Madani sun cika gari, nadin Alhaji ya zama makwancin iyalai, an raba shi da zannuwa. Kartun bai mutu ba, ya koma cikin waya. Jikokina kowa da nasa a tafin hannu, da abin ji a kunne, kowa na dariyarsa shi kaɗai, da Larabci. In na yi musu Hausa su amsa da "kwayyis, ya jiddu", wato "madalla, kaka". Da ni ne, waya zan tsine wa. Shi ba na jin zai yi haka; mutumin da ya hana a toshe bakin jaka ba zai yi faɗa da waya ba. Ina jin zai zauna ne a bakin nadin, ya ce a kawo takalman da suka tsinke a hanyar gudu, ya sunkuyar da kai yana ji. Abin da zai dame shi, a ganina, shi ne kuka ya yi yawa a garin nan fiye da kowane lokaci, kowa kuma na da abin magana a aljihu, amma babu bencin da za a taru a ji na juna.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Basillarsa tana wurin 'yarsa, benci an yi itacen girki da shi. In aka auna da mudun duniya, Isyaku bai bar komai ba. Sai dai kwanakin baya wani ɗan ƙwadago da bai kai shekarun sanin nadin ba ya tsaya a rumfata, na ɗan jinkirta masa, ya leƙo ya ce, "Baba, agashen nan da ka ce yana hanya, rarrafe yake yi?" Na ajiye wuƙa. Na ce a ina ya samo wannan magana. Ya ce, "Haka ake faɗa wa wakili a Fashaga in ruwa ya yi latti. Kowa ya sani." Na ce wa ya fara faɗa? Ya ɗaga kafaɗa.

Ban gaya masa jaki ba ne, kada ya ce tsufa ya taɓa ni. Na ƙara masa nama, na yanka da wuƙar nan mai giɓi, wadda maƙeri ya sha cewa in kawo ya goge mini na ƙi. Allah ya jiƙanka, Bazazzagi, ya sa ka huta. Yau kaɗai, a gaban masu karatu, na yarda kai ne ubangidan.