Kalmar da Ba a Faɗa wa Mai Fatsa

Ranar Talata, ashirin da huɗu ga Maris, da hantsi, Almasa ta kira ni ta ce mahaifinta bai farfaɗo daga aikin zuciyar da aka yi masa ba. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ragib Kurtagic, mai askin garinmu Sanica, ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, saura kwana takwas a buɗe kamun kifin pastirimka.

Ragib, na san da za ka ga wannan ƙidayar kwanakin da ka yi murmushi, don kai ka koya mana ita. A shagonka ba a cewa an shiga Maris, sai dai a ce saura kwana kaza a je kogi. Duk wanda ya zauna a kujerarka sai ya sha labarin pastirimka mai jajayen ɗigo, ko yana so ko ba ya so, kuma ba mai iya musu da mutumin da ke riƙe da aska a maƙogwaronsa.

Shekara talatin da takwas ke nan da ka fara kai ni ɗakin katakon nan na bakin kogi. Ina sabon malamin makaranta a garin, ban san kowa ba. Can na tarar da Stipo direban motar katako da Ostoya maƙeri. Da asubar ɗaya ga Afrilu kuka tsaya a bakin ruwa da sandunanku, ni kuwa don in nuna ladabi na ɗaga murya na ce, "To, Allah ya ba da sa'a!" Stipo ya jefar da hularsa ƙasa. Ostoya ya tofar da yawu sau uku. Kai ka ja ni gefe ka ce a hankali, "Malam, ba a yi wa mai fatsa fatan sa'a, hannu wofi yake komawa. Bistro ake cewa, wato ruwa ya yi garau." Kwana uku muka yi ba wanda ya kama ko ɗan tsurut, muka ƙare da miyar wake. Tun daga ranar sunana Midhat ya ɓace, na zama Malam Sa'a.

Kai ne kake buɗe mana shekara. Ba wanda ke jefa ƙugiya sai ka tsaya a kan farin dutsen nan, ka dubi kogi, ka ce bistro. Wata shekara ƙanƙarar duwatsu ta narke da wuri, ruwa ya zo jawur, amma duk da haka ka ce bistro. Na ce maka, "Yaya Ragib, wannan ai kunu ne." Ka ce, "Ba labarin ruwan nake ba ku ba, roƙo nake yi."

Alherinka ba mai surutu ba ne. Da hannun Ostoya ya fara rawa, ya kasa ɗaura ƙudajen gashin tsuntsu da muke yaudarar kifi da su, ba ka taɓa ce masa bari in taimake ka ba, don ka san girman kansa. Duk hunturu kakan ɗaura ninki biyu, ka zuba rabi a gwangwaninsa yana wajen hura wuta, sannan ka ce ga shi nan tsufa ya sa ya manta da na bara. Ya sani, mu ma mun sani, ba wanda ya tanka. Zakaran maƙwabciyarka ne kawai ya ji jiki, don shekara da shekaru wuyansa a fige yake.

Da yaƙin da ya haɗa ƙabilunmu faɗa ya watsa mu, kowa ya faɗa inda ya faɗa, ni na ɗauka zaman bakin kogi ya ƙare har abada. Kai ka nemo adireshin Stipo da na Ostoya, ka aika wa kowannensu layi ɗaya: rufin ɗaki na yoyo, ka zo da ƙusa. Suka zo. Ranar farko ba wanda ya iya haɗa ido da wani. Ka dafa gahawa, ka miƙa wa kowa guduma. Da azahar ta yi ka shimfiɗa rigarka a kan ciyawa, Stipo ya karɓi sandarka ya riƙe maka har ka sallame, kamar yadda yake yi tun da can.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni sukuni. Ranar Litinin, da aka turo ka a kan gado za a shiga da kai ɗakin aiki, ni da Stipo muna tsaye a barandar asibiti. Na ga ka rame, na ga hannunka babu agogo, kaina ya ɗaure. Na kama yatsunka, bakina ya suɓuce na ce, "Allah ya ba da sa'a." Shekara talatin da takwas ina kiyaye harshena da kai, sai ranar. Kafin in gyara sun wuce da kai, Stipo na biye da jakarka har ƙofa. Washegari ka rasu.

Na san ajali ba ya bakin mutum. Na karantar da yara shekara talatin, ba sai liman ya tuna mini ba, ko da yake ya tuna mini. Amma zuciya ba ta jin karatu. A wajen jana'iza na tsaya a sahun baya, na sulale kafin Stipo da Ostoya su iso inda suka saba tsayawa daga bakin shinge, tunda su ba Musulmi ba ne. Na yanke cewa ni da kogin nan mun rabu, kuma ban ga da wane ido zan dubi abokanka ba.

Ana gobe ɗaya ga wata Yaya Zumreta, matarka, ta aiko a kira ni. Na same ta da farin mayafi, ga faranti na gurasar pita mai cuku an rufe da tawul, ga makullin ɗakin katako a kai. Ta ce, "Shekara arba'in ina gasa muku wannan, hannuna bai san an yi mutuwa ba. Ɗauki ka kai musu." Ban iya ce mata a'a ba.

Da gari ya waye muka tsaya a bakin ruwa mu uku. An kwana ana ruwan sama, kogi ya gurɓace. Farin dutsenka na nan ba kowa a kai. Muka daɗe a tsaye, ba mai jefawa. Can Ostoya ya ce, "To, haka za mu tsaya kamar shanu har sanyi ya kashe mu? Malam, hau ka faɗa."

Na ce, "Ba ni ba. Bakina ba shi da kyau." Sannan na gaya musu abin da na ce maka a asibiti.

Stipo ya dube ni ya ce, "Wai dama abin da ya sa kake gudunmu ke nan? Kai Malam Sa'a, karatu dai bai amfane ka da komai ba! Ai ya ji ka. Har ƙofa yana dariya, sai da ma'aikaciyar jinya ta ce ya kwanta da kyau. Ya ce mini, yau kam Malam ya faɗi daidai. Ya ce, ai ni ne kifin, mutuwa ce ta fito fatsa. Bar shi ya yi mata fatan sa'a, ko ta koma hannu wofi."

Ragib, na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ana tura ka inda ba ka san ko za ka fito ba, amma abin da ka tsaya yi shi ne ka wanke ni. Ostoya ya juya baya yana fyace hanci, wai hayaƙin wuta ne, alhali wutar na can bayan ɗaki.

Na hau dutsen. Ruwan jawur yake, kamar na waccan shekarar. Na faɗi kalmar, ba da ƙarfi ba, amma sun ji, suka jefa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Zumreta, da Almasa da mijinta, da jikokinka uku, da Stipo da Ostoya waɗanda suka rasa ɗan'uwa ko da yake ba alƙibla ɗaya kuke duba ba. Allah ya ba su haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa mutane. Allah ya shayar da kai daga ruwan Alkausara, wanda ba ya gurɓacewa. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Bistro, Yaya Ragib.