Na Janye Maganata, Usta Illa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina dafa shayi da safen nan ɗana Abba ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. "Umma, Usta Illa ya rasu." Ciwon ƙoda ne, a asibiti, bayan sallar asuba.

Na kashe wuta, na zauna a ƙasan kicin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Usta Illa bakaniken babura ne, mutumin Maraɗi, ya fi shekara ashirin a Alƙahira. Garejinsa yana wani lungu a Ainu Shams, kusa da mai sayar da ruwan rake. Misirawa ne suka sa masa Usta, wato gwanin sana'a.

Tun ɗazu nake ganin ta'aziyya tana yawo. "Mutumin kirki ne." "Mun yi babban rashi." Wasu daga cikin masu rubutawar, da kunnena na ji suna kiransa mai ɓata ɗalibai. Raina ya ɓaci, har na fara jera sunayensu. Sai na tuna bakin da maganar ta fara fitowa.

Bakina ne. A gidan suna a unguwar Abbasiya, nan Alƙahira, gaban mata cike da falo. Ban janye ba har ya mutu. Yau zan janye, a nan inda kowa zai gani.

A 2013 ne. Ina ofis a unguwar Dokki ina fassara takardu, wata baƙuwar lamba ta shigo.

"Ke ce mahaifiyar Abba? Ya ce mini kina Kano."

Na ce, "Ina Dokki. Wane ne?"

"Na sani, Hajiya. Shi ya sa na nemo lambarki."

A bakinsa na ji cewa ɗana ɗaya tilo, mai shekara ashirin da uku, wanda na raina ni kaɗai tun rasuwar babansa, yana shirin shiga tseren babur. Irin tseren nan na miƙaƙƙen layi: babura biyu a jere, fitila ta nuna kore, mita ɗari huɗu, wanda ya riga isa shi ya ci.

Kwana biyu na yi ina karanta duk abin da na samu a kan hatsarin babur. Na buga takardun, na ja layi da jan biro, na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tafi Ainu Shams da yaƙina.

Na tarar da shi zaune a kan taya, gajere, da furfura a gemu. Na zazzage masa da Hausa, na ƙara da Larabci, na rufe da Turanci. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo mini shayi, ya juya takardun, ya ce shi Faransanci ya ɗan taɓa.

Sannan ya naɗe ƙafar wando. Tabo tun daga gwiwa har idon sawu.

"Hajiya, takardunki ba su taɓa faɗuwa a kwalta ba. Ni na faɗi. In kin hana shi, zai hau, amma a titi, tsakanin motocin haya. In kin bar mini shi, zan koya masa tsayawa. Kuma ina da doka: ba na sauke babur daga mota a tseren farko sai uwar yaro ta ɗaure masa igiyar hular kwano da hannunta. In ba ta raye, wadda ta raine shi."

Na ce, "To ka daɗe kana jira."

Ya ce, "Tamam. Ba na sauri."

A satin nan na yi waccan magana a gidan suna. Ta zaga gari. Iyaye a Kano da Zinder suka fara bugo wa 'ya'yansu waya kada su kuskura su kai masa babur. Na san ta kai kunnensa. Bai taɓa tayar mini da ita ba.

Amma fa na koma garejin. Wai don in sa ido.

Na ga ya cire madubai da kujerar baya. Ya ɗaure gaban babur ɗin da bel, ya danne shi ƙasa don kada ya ɗaga kai lokacin tashi. Ya rage iskar tayar baya don ta kama kwalta. Sarƙa kuwa da yatsa yake taɓa ta, ya karkata kai yana sauraro. Ya haɗa wata igiya daga wuyan hannun Abba zuwa injin, in mutum ya faɗi inji ya mutu. Duk ƙusar da ya ɗaure sai ya ɗiga mata farin fenti, don in ta motsa ya gani.

Ni kuma ya ajiye mini kujerar roba, kullum sai ya goge ta da gefen rigarsa. Ya lura ba na son sukari, bai sake zuba mini ba.

Sati huɗu cur bai bar Abba ya yi gudu ba. Kowace safiyar Juma'a, a wani fili bayan gari: tashi, taka birki, tsaya. Sake.

Abba ya ƙosa. "Usta, tseren gudu ne fa, ba na tsayawa ba!"

"Murɗa totur kowa ya iya, har Hajiya."

Na ce, "Kada ka sa ni a shirmenku."

Sai a sati na biyar ya fara koya masa sakin kuloci. Babur ya mutu a hannunsa ya fi a ƙirga, Usta yana cewa, "Ma'alish, ba komai, ango, sake."

Ranar tseren na je ne don in ƙi. Na shirya jawabina a cikin tasi. An rufe wani dogon titi a gefen hamada, ga motar asibiti a ajiye. Sauran babura duk an sauke, ana ɗumama taya, hayaƙi ko'ina. Namu kaɗai yana ɗaure a bayan a-kori-kura, Usta zaune a gefensa.

Abba ya zo cikin rigar fata, ya miƙo mini hular. Bai roƙe ni ba. Ya ce, "Umma, in kin ce a'a, khalas, mu tafi gida."

Sai na gane da gaske yake. Yaron da ya ce ina Kano, ga shi ya tsaya. Wani ya koya masa.

Jawabin ya gudu. Na sa masa hular. Usta ya cusa yatsu a ƙarƙashin igiyar, uku suka shige.

"Sake, Hajiya. Yatsa biyu, da ƙyar. Tausayi ba ya riƙe hula."

Na ja har Abba ya yi tari.

Bai ci ba. Wani Bamisire mai tumbi, sa'an babansa, ya bar shi a baya. Amma bayan layin ƙarshe iska ta watso yashi a kan kwalta. Na ga bayan babur ɗin yana lilo hagu da dama. Abba bai damƙe birki ba. Ya sassauta, ya bi shi a hankali, ya tsaya a kan ƙafafunsa.

Usta ya sauke numfashi, ya ce, "Sati huɗun nan ke nan."

Kun san abin da na ce masa? "Allah ya rufa maka asiri." Iyakarta ke nan, na ja ɗana muka tafi.

Ganina da shi na ƙarshe wata uku da suka wuce ne, a tashar bas ta Abbasiya. Ya rame, riga tana yawo a jikinsa. Ya ce daga asibiti yake, ba wani abu ba ne.

"Hajiya, har yanzu ana fushi?"

Na ce, "Har gobe."

Ya yi dariya. "Ki ci gaba. Muddin kina fushi, yaron zai riƙa duba tayarsa."

Maganar neman gafara tana bakina, wallahi tana bakina. Bas ɗinsa ya zo, kwandasta yana ihu yalla yalla. Na ce a raina zan je garejin.

Ban je ba.

To ku ji, musamman matan da suke falon nan a Abbasiya, da duk wadda ta kai maganar gaba. Ƙarya na yi wa Usta Illa. Bai ɓata ɗan kowa ba. Shi ya nemo ni lokacin da ɗana ya ɓoye mini. Duk inda kuka kai waccan, ku kai wannan.

Yanzun nan Abba ya biyo ta gida zai wuce jana'iza. Idanunsa jawur. A bakin ƙofa ya sa hular kwano, ya sunkuyo, ya ɗaga mini haɓa. Na cusa yatsu.

Biyu, da ƙyar.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Illa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba iyalansa na Maraɗi da na nan haƙuri. Haƙƙinsa da ke wuyana, ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya gabanka.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a da sunansa. In da saura, ku sa da ni.