Ni Na Kai Bayan Yaya Habu Ƙasa

Da aikin Hajjin bana ya ƙare, yayana Habu ya cika shekara goma sha uku da rasuwa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa, don tsoro ya hana ni sakat, kuma wanda zan kai wa kukana shi ne ba ya nan.

Wanda bai zauna unguwarmu ta Nakkasa ba, zai yi mamaki in na ce ana kokawa a Makka. Ana yi kuwa. Idan alhazai suka watse, mazanmu suka dawo daga aikin Arfa da Muzdalifa, masu girki da masu shara da 'yan dako, sai a share wani fili a bayan tudu, a zuba yashi, a yi ta gwabzawa bayan la'asar. Ba kiɗa, ba shela, don kada a jawo ido. Mu mata daga saman rufi muke kallo. Ƙungiya ce sosai, da dattawanta da alƙalanta, da ajin samari da ajin manya. Ba su da sikeli a lokacin. Duk wanda ya saɓa buhun shinkafa a kowace kafaɗa ya hau tudun unguwar bai sauke ba, ya shiga ajin manya.

Kambun manya wata ɗamara ce ta jar fata da wani baduku ɗan Sakkwato ya ɗinka tun ba a haife ni ba. Na-Tawa ɗan dako ne ya fara ɗaura ta. Bala Mahauci ya ƙwace, ya riƙe har tumbi ya ci amanarsa. Sai Dogo Direba, wanda bakinsa ya fi hannunsa ƙarfi, don haka bai daɗe ba. Daga nan ta zo ƙugun Yaya Habu, ba wanda ya sake kwance ta.

Ina kan rufi ranar ƙarshe. Yaya Habu ya ɗaga wani ƙato ɗan Damagaram ya nana da ƙasa, fili ya ɗauki sowa. Ya taka zuwa gefen hagu inda ake ajiye ruwan sha, ya zauna, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi. Hannun bai kai ba. Mota ba ta hawa tudunmu, a bargo aka sauko da shi, kafin a kai titi rai ya yi halinsa. Haka mahaifinmu ma ya tafi, da kaya a kansa, ba ciwo ba jinya. Zuciyar mazan gidanmu ba ta yin sallama.

Ga al'adar ƙungiyar. Idan mai kambu ya mutu ba a kayar da shi ba, ɗamarar tana zama a gidansa har ɗansa ya girma ya tsaya a madadinsa, karo ɗaya tak. In ya yi nasara tasa ce, in ya faɗi an karɓa. In kuwa gidan ba sa so, sai wani nasu ya shimfiɗa ta a kan yashi gaban jama'a, ma'ana bayan mamacin ya taɓa ƙasa. Duk shekarun nan ɗamarar tana ƙasan akwatina, wanda ya ci ajin manya kuwa sai dai a kira shi mai riƙo. Suna jiran Faisal, ɗan Yaya ɗaya tilo, wanda na raina tun da mahaifiyarsa ta bi mijinta lahira.

Da Yaya zai leƙo yau, ba zai gane komai ba. An rushe gidanmu, titi ya bi ta kan filin, jama'a sun warwatsu. Kokawar ta koma wani gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari, da sikeli, da samari masu ɗaukar hoto da waya suna ihu da Larabci. Na san zai taɓe baki ya ce waɗannan ko buhu ɗaya ba za su kai ƙofar gida ba. Amma da zai ga Faisal, da bakinsa bai rufu ba don daɗi, saboda kafaɗunsa ne sak. Abin da ba zai gani ba ni na gani: yaron ya taɓa yanke jiki ya faɗi a matakalar otal ɗin da yake aiki, likita kuma ya ce ya guji abin da zai takura zuciyarsa. Faisal ya yi dariya ya ce yunwa ce.

Bayan Hajji Baba Sule, shugaban dattawan, ya yi sallama a ƙofata. "Hajiya, yaro ya kawo ƙarfi," in ji shi. "Lokaci ya yi."

Ban yi shawara da kowa ba. Ranar buɗe fili na naɗe ɗamarar a mayafi, na shiga tsakiyar maza inda mace ba ta taɓa takawa ba, na shimfiɗa ta a kan yashi. Mutumin da ƙarti suka kasa, ƙanwarsa ta kayar da shi yana kabari. Na ji ɗacin abin, amma na ce gara sunansa ya faɗi da ɗansa ya faɗi.

Ashe daga saman rufi rabin doka na sani. Ni na ɗauka shimfiɗa ɗamara yana rufe wa gidanmu ƙofa. A gida Faisal ya tsaya a kaina, idanunsa jawur.

"Gwaggo, don Allah me ya sa? Da kin bar ni, karo ɗaya ne, shi ke nan. Yanzu kambu ya zama na kowa. Sai na bi layi, na kayar da su ɗaya bayan ɗaya, kafin in dawo da ɗamarar Baba."

Na roƙe shi, na yi kuka, na haɗa shi da Allah. Ya sumbaci goshina ya fita.

Ina ta lissafin abin da ya rage na Yaya Habu. Filinsa ya zama kwalta. Sunan wanda ba a taɓa kayarwa ba, ni na shafe shi da hannuna. Abin da ya saura shi ne taurin kansa, da kafaɗunsa, da zuciyar nan tasa da take bugawa a ƙirjin Faisal. Kullum ya hawo bene nakan kasa kunne in ji numfashinsa, in kuma roƙi Allah Ya jiƙan uban, Ya bar mini ɗan.

Juma'a mai zuwa zai yi karon farko. Ranar da na shiga sabon filin na lura, a can ma gefen hagu suke ajiye ruwan sha.