Yadda Baba ya buɗe baki gaban Anasara

Babana ya tsufa da haƙoransa cif, kuma wallahi ya ishi mutane da su. Tun da na yi wayo a Filinge ban taɓa ganinsa ba asuwaki ba. Tabar gari da kanwa, wadda tsaransa ke cusawa a leɓe har ta cinye musu dasashi, ko warinta ba ya so. Su kam duk sun koma wawulo, sai fura sai kunu. In kaka ta yi, da gangan yakan zauna tsakiyarsu yana gurgurar tumu, yana cewa, "Bismilla mana!" Su yi ta zaginsa, shi yana dariya.

Gwiwoyinsa ne suka gaza. Daga masallaci zuwa gida sai ya huta a hanya. Yayana ke riƙe da gonar, shi kaɗai ne namiji cikinmu, ni kuwa lokacin ina gida goyon fari.

Shekarar da Anasara suka matsa da aikin hanya, aka ce kowane gida ya ba da mutum guda. Ga damina ta kankama, gero ya isa noma. In aka tafi da yayana, gona ta mutu, mu ma mun bi ta. Anasaran da ke zaɓe ba ya tambayar shekaru, don ya ce duk ƙarya muke yi. Baki yake sa a buɗe, ya leƙa, kamar mai sayen jaki a kasuwa. Mai giɓi ya koma gida, mai haƙora ya shiga layi.

Ranar zaɓen, Baba ya aske furfurar gemunsa tas, ya jingine sandarsa bayan rumbu. Inna ta ce, "Malam, ina za ka haka?" Ya ce, "Zan kai musu abin da suke so su gani." Ya hana yayana fita, har da rantsuwa. Na bi shi daga nesa, raina a ɓace, ina kallon yadda yake cije ciwon gwiwa don kada ya ɗingisa. Ya wangale baki, Anasara ya leƙa ya gyaɗa kai. Tsaransa na gefe, babu wanda ya tona shi.

Sai bayan an yanke gero ya dawo. Kai, ban gane shi ba! Can dafaffen hatsi kawai ake ba su, ba miya ba nono. Dasashinsa ya kumbura yana jini, haƙoran na girgiɗi. Inna ta yi ta dafa masa bagaruwa yana kurkurawa, amma tsoho ne, jikin bai mayar ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zube, wani ma cikin lomar tuwo. Bai yi ƙorafi ba, ni ce dai na yi kukan.

Yayana bai iya magana mai yawa ba. Duk ranar kasuwa sai ya sayo nama, ya ja turmi tsakar gida, ya daka da hannunsa har ya yi laushi. Mata na leƙowa ta kan danga suna dariya, wai ga ƙato da taɓarya. Matarsa ta roƙe shi ya ba ta, ni ma na roƙa, ya ƙi. Haka ya yi ta daka wa Baba nama har ranar da muka rufe shi.