Wutar da ba a kunna ba a gidan auduga

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙawata Kamla, wadda 'yan unguwarmu a Funtua suka fi sani da Amarya. Har yau in hanya ta bi da ni ta gaban tsohon gidan gurzar auduga sai in kau da kai, don wallahi ba na iya kallon wurin.

Ba'indiya ce, mai bin addinin Hindu. A wata makarantar 'yan mata a Malumfashi muka haɗu, zamanin da ake ɗauko malamai daga ƙasarsu. Tana koyar da lissafi, ina koyar da Hausa. 'Yar siririya ce, ga faɗa kamar me, amma yarinyar da ta zane da safe ita za ka gani da yamma tana cin waina a ɗakinta. Ni na koya mata Hausa, ita ta koya mini zuba yaji a abinci har maigidana ya yi ta tari yana cewa an haɗa baki za a kashe shi.

Maigidan nawa, marigayi Malam Sule, shi ne mai awo a gidan auduga na Funtua. Akwai wani Ba'indiye mai kula da injuna a wurin, kowa Injiniya yake ce masa. A gidanmu ya fara ganin Kamla. Da maganar aurensu ta yi nisa, iyayensa suka aiko daga can cewa ba su yarda ba, wai asalinta bai kai nasu ba. Ya ce shi ya ji ya gani, a nan Funtua za a yi.

To ga inda gizo ya yi saƙar. A al'adarsu, aure ba ya ɗauruwa sai an kunna wuta, ango da amarya sun yi taku bakwai tare a gabanta. Shi kuwa gidan Injiniya yana cikin harabar gidan auduga ne, kuma kakar auduga ce. Motoci na ta sauke kaya daga Ƙarfi da Dayi da Dandume, an tula farar auduga har ta fi katanga tsawo. Wanda ya yi aiki a wurin ya sani, a irin wannan lokaci ko ashana aka gani a aljihunka ka bar aiki. Mai jagorantar ibadarsu kuma yana can Legas. Sai suka rataya wa juna furanni a wuya, ya shafa mata jan gari a tsagar gashinta, wanda shi ne alamar matar aure a wurinsu, suka ce wutar sai bayan kaka.

Mu kuma abin bai dame mu ba ko kaɗan. Wuta? A wurinmu ta girki ce. Abin da ya dami Malam Sule shi ne a ce yarinya ta shiga gidan miji ba uba, ba shaidu, kamar wadda aka tsinta a tasha. Ya ce Fatiha dai ba tasu ba ce, ba za a karanta ba, amma shaida ta kowa ce. Ya sayo goro da alawa, ya tara ma'aikata da maƙwabta a gindin dalbejiya, ya tsaya a matsayin ubanta. Ya tambayi Injiniya ko ya karɓa, ya ce ya karɓa. Ya juyo ga jama'a ya ce, "Kun shaida?" Aka amsa, "Mun shaida!" Muka rangaɗa guɗa. Ni da bakina na ce mata ta kwantar da hankalinta, auren da mutum ɗari suka ci goronsa babu mai kwance shi. Daga ranar take kiran Malam Sule Baba, mu kuma muke kiranta Amarya.

Kaka ta wuce, wata ta zo, ba a sake maganar wuta ba. Shekara goma sha tara suka yi tare. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta yi jinyarsa da injin ya cinye masa yatsu biyu, ta bar koyarwa a Malumfashi ta dawo Funtua don ta riƙa dafa masa abinci da hannunta. Da harkar auduga ta fara lalacewa ya ce zai je ƙasarsu ya gyara musu wurin zama. Wata shida, shekara, shiru. Da ta bi shi, sai ta tarar iyayensa sun yi masa aure, wannan karon da wuta da taku bakwai cif.

Dokar aurensu ba ta yarda da mata biyu ba, saboda haka ta kai ƙara. Kun san abin da mutumin nan ya faɗa wa alƙali? Wai bai taɓa aurenta ba, zaman tare kawai suka yi a ƙasar waje. Kai, namiji! Mutumin da ya ci tuwon gidana ya fi a ƙirga.

Lauyanta ya nemi shaidar wanda ya halarci auren. Aka kira Malam Sule a waya, ɗanmu yana fassara. Ya zayyana komai, goron, furannin, jama'ar da ta taru. Lauyan ya saurara, sa'annan ya yi tambaya ɗaya: an kunna wuta? Malam Sule ya gane inda maganar ta dosa, kuma rantsuwa zai yi a kan abin da ya faɗa. Sai muka ji muryar Kamla daga can, da Hausarta mai karkata, tana cewa, "Baba, faɗi abin da ka gani." Ya ce, "Ban ga wuta ba, 'yata." Ya ajiye wayar ya shige ɗaki. Ranar ce kaɗai na ga hawayensa, ban da ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

Kotu ta ce tun da ba a cika sharuɗɗan al'ada ba, babu aure, saboda haka babu abin da za a tuhumi Injiniya da shi. Lauyan ya ce akwai hanyar nema mata kuɗin ciyarwa. Ta ce ba ta so. Ba abinci ta je nema ba, so take a ce ita matarsa ce. Ta ƙarasa rayuwarta a gidan ƙanwarta, kuma an gaya mini har ta mutu ba ta daina shafa jan garin nan ba, dangi na ta yi mata gori.

Ba na cewa dokarsu ta yi kuskure. Mu ma in aka rasa waliyyi ko sadaki ko shaidu, ai malamai za su ce da sake. Kowa da abin da yake ɗaure masa aure. Mu ne muka auna nasu da mudunmu, da zuciya ɗaya, muka kwantar mata da hankali a kan abin da ba mu sani ba. Kwanan baya ɗana ya karanta mini a waya cewa kotunan can har yanzu suna kan bakansu, ko takardar rajista ba ta tsayawa a madadin wutar. Na ce ya rufe, na ji.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga Funtua yau. Gonakin auduga sun koma masara da waken suya. Injunan da mijinta ya riƙa shafa wa mai sun yi tsatsa, awaki ke kiwo a harabar. Jiya-jiyan nan, kafin in kau da kai, na hangi masu gadi sun hura wuta suna gasa masara daidai inda gidanta yake, babu mai ce musu kanzil. Da ta gani, na san dariya za ta yi har ta riƙe ciki, sa'annan ta yi kuka. Yaran yanzu kuwa da ke ɗaukar kowane motsin biki a waya, da sai ta ce su ci gaba, amma su fara tambayar dattawansu abin da aure ba ya ɗauruwa sai da shi.

Maganarmu ta ƙarshe, muryarta ta dushe sosai. Ta tambayi labarin Baba, na ce ya rasu. Sai ta ce, "Yaya Binta, ni matar aure ce, ko?" Na ce wace irin tambaya ce wannan, Amarya? Layin ya yanke kafin in ƙarasa. Bayan 'yan makonni ƙanwarta ta aiko cewa ta mutu, an ƙona gawarta yadda suke yi. Ranar dai an samu wanda ya kunna mata wuta.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Ta bar ɗalibai, wasu yau shugabannin makarantu ne, in mun haɗu a gidan suna sai su ce, "Ina labarin Malama Amarya?" Cikin waɗanda suka ci goron nan a gindin dalbejiya, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ni ina nan da sauran numfashi, kuma amsar da waya ta hana ni ba ki ga ta, Kamla: ina wurin, na ci goro, na yi guɗa. Na shaida.